Batirin Kawu mai lamba 4800 da nawa mai 2000, yadda muka bi diddigin abin

Kawuna tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, ƙanin mahaifiyarmu, kuma duk wanda ya san shi ya san shi da abu biyu, ƙaramin rediyonsa mai cin batir biyu da tocilarsa mai cin uku. Duk irin siririn batirin nan ne mai tsawon yatsa wanda ake sa wa agogon bango, in ka duba jikinsa za ka ga an rubuta AA. Rediyon nan da an idar da sallar asuba yake fara aiki, labaran safe na BBC Hausa, sai na gidajen rediyon jiha, da daddare kuma ya sake kunnawa har barci ya ɗauke shi, in ka haɗa duka a rana ba ya kasa awa huɗu. Tocila kuwa ita ce ta zuwa masallaci isha'i da asuba da leƙa awaki a bayan gida in ya ji motsi. Wuta a unguwarsu sai dai a ce Allah ya kyauta, wata rana awa uku, wata rana a kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba.

Shekara da shekaru batir mai araha yake saya, na yarwa. A rediyo yana ɗan jurewa, a tocila kuwa kwana kaɗan hasken ya koma ja kamar aci-bal-bal. Da kuɗin batir ya yi ta hawa kamar sauran kaya sai na ce masa Kawu me zai hana ku koma na caji, sau ɗaya za ku saya ku yi shekaru kuna mora. Ina da guda huɗu da nake amfani da su a gida tun tuni, an rubuta musu 2000mAh, na nuna masa, ya juya su a hannu ya karanta lambar ya yi shiru. Ashe ya riƙe ta a ka. Ranar kasuwa ya shiga gari da kansa bai gaya min ba, mai shago ya zube masa iri-iri a kan kanta, shi kuma ya yi abin da duk mai lura zai yi, ya nemi wanda lambarsa ta fi girma. Ya samu masu 4800mAh, kwali biyu, takwas ke nan, da 'yar caja ta bango a kai, kuma kuɗin duka bai kai abin da na biya a nawa huɗu ba. Ya kira ni a waya da murnarsa ya ce ɗan nan na samo wanda ya ninka naka har da ɗori.

Ba a rufa sati biyu ba ya sake kira, muryar ta canza. Ya ce batirin nan kwana uku yake yi a rediyo ya mutu, tocila kuwa ta taɓa ɗauke masa a tsakiyar lungu da asuba an yi ruwa ga taɓo. Abin ya dame ni sosai don ni na ba da shawarar, kuma na san kuɗin da ya fitar ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai jiran fansho. Da na je sai na tarar ya ajiye littafi, halin malamai, ya ja layi da rula, ranar da ya sa batir, ranar da ya mutu, a wane abu, awa nawa aka yi ana caji. Ya ce min abu huɗu yake zargi, ko rediyon ne ya fara shan wuta, ko cajar ce, ko baturan ne, ko kuma lambar nan ba abin da yake zato take nufi ba. Wallahi wannan littafin shi ya sauƙaƙa mana komai, da bin su ɗaya bayan ɗaya muka gane bakin zaren.

Da lambar muka fara. Haruffan nan uku kowanne da ma'anarsa, A ɗin tsakiya amfiya ce, ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, sunan wani masanin Faransa ne André-Marie Ampère aka sa mata. Ƙaramin m na farko yana nufin kashi ɗaya cikin dubu, h na ƙarshe kuma awa. To 2000mAh na nufin batirin zai iya ba da wuta mai yawan miliamfiya 2000 na tsawon awa ɗaya, ko 200 na awa goma, ko 20 na awa ɗari, a ƙiyasce dai. Na ce Kawu ku ɗauke shi kamar jarkar 'yan garuwa, lambar ita ce litar ruwan da ke ciki, abin da kuka sa wa batirin kuma shi ne girman ɓular da ruwan ke fita. Ba za ka san kwana nawa jarka za ta yi ba sai ka san girman ɓular. Ya ce yawwa, ashe dai zatona bai kauce ba, babbar lamba ruwa mai yawa. Na ce haka ne, in lambar gaskiya ce.

Sai muka auna ɓular. Na aro mitar auna wuta a wurin wani mai gyaran rediyo, muka ɗan raba batir da ƙarfen da yake taɓawa muka sa wayoyin mita a tsakani. Rediyo a daidai ƙarar da Kawu yake ji yana jan wajen miliamfiya 50, in an ƙure murya ya haura, tocila kuwa kusan 500 take ja, ninki goma ke nan, shi ya sa kullum ita ce ke cinye batir. Kawu ya ɗauki biro da kansa. 2000 a raba da 50 ya ba da awa 40, a awa huɗu kullum kwana goma ke nan. 4800 a raba da 50 awa 96, kwana 24. Ya tsaya ya ce amma ai biyu nake sawa, ba sai a ninka ba? Nan wurin mutane da yawa ke ruɗewa. A rediyo da tocila baturan jere suke kai da gindi, irin wannan jeri ƙarfin turi yake haɗawa, wato bolt, biyu masu 1.5 su zama 3, uku su zama 4.5, amma wutar da ta bi ta cikin na farko ita ce dai ta bi ta na biyu, don haka tare suke ƙarewa, mAh ɗin yana nan a na guda ɗaya. Kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran hukunci. Rediyo dai ya fita daga zargi, 50 ba wani shan wuta ba ne. Kwana uku a awa huɗu awa 12 ke nan, sau 50, ya ba da 600. Kawu ya ja layi biyu a ƙarƙashin 600 ɗin ya ce to ina sauran 4200?

Babu su, tun asali ba a zuba su ba. Batirin AA girmansa ƙayyadadde ne a duk duniya, kauri milimita 14.5, tsawo 50.5, kuma wutar da zai riƙe daga sinadaran da aka cusa a cikin wannan ɗan gwangwanin take fitowa. Na caji irin wanda aka rubuta wa Ni-MH, wanda shi ne nawa kuma shi ne aka rubuta a na Kawu, na ƙwarai daga manyan kamfanoni yana kamawa daga wajen 1900 zuwa 2500, masu ƙurewa su kai 2700 ko 2800, daga nan kuma babu wurin zuba ƙari. Duk AA na Ni-MH da ka ga an rubuta masa 3800 ko 4800 kamar ka ga jarka mai lita 25 ne an manna mata takarda an ce lita 60, ba sai ka zuba ruwa ba ka san ba haka ba ne. Hannu ma yana faɗa maka. Muka kai su wurin wani mai sayar da gwal ya ɗora mana a ɗan sikelinsa, nawa giram 26 da ɗoriya kowanne, na Kawu kuwa wajen 15, ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki. Sinadaran nan nauyi gare su, in nauyi ya ragu to kayan ciki ne aka rage.

Don kar a ce zato ne na kai su wurin wani abokina mai gyaran fitilun sola, yana da caja mai allo wadda take cika batir sannan ta sauke shi a hankali tana ƙirga abin da ya fito. Dama haka ake gwajin a ƙa'ida, a cika shi, a riƙa jan kashi ɗaya cikin biyar na lambarsa har ya sauko bolt 1.0, a ɗaki mai sanyi wajen digiri 20, mai 2000 ya kamata ya ba da 400 na awa biyar. Kwana biyu muka yi ana sawa ana cirewa. Nawa da suka sha aiki duk sun haura 1800. Na Kawu takwas babu wanda ya kai 700, ɗaya ma ko 400 bai yi ba, kuma shi ne muke kyautata zaton ya kashe tocila a lungu don shi ya fara ƙarewa ya ja sauran biyun. Lissafin da Kawu ya yi da biro a littafinsa bai yi nisa da abin da na'urar ta nuna ba. Abokin nawa ya jawo wani kwali ya nuna min irin baturan nan masu kauri na cikin fitilun caji, 18650 ake ce musu don kaurinsu milimita 18 tsawo 65, an rubuta musu 9900, alhali na gaske daga irin su Panasonic da Samsung da LG a wajen 3500 suke tsayawa. Ya ce kullum sai an kawo masa fitila an ce ta lalace, ya buɗe ya tarar da irin waɗannan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda wannan lambar take cuta. Mutumin da bai damu ba zai ɗauki duk wanda hannunsa ya kai. Mai karantawa, mai kwatantawa, mai son ya kashe kuɗinsa a inda ya dace, shi aka ɗana wa tarkon, kuma yawanci shi ne wanda ba shi da rarar da zai sake saye.

Na bar wa Kawu nawa huɗu ya riƙa amfani da su na koma gida ina ganin magana ta ƙare. Zagayen farko rediyo ya yi kwana tara, ya kira ya sa albarka. Bayan ya yi musu caji da kansa sai ga kira, ya ce ɗan nan naka ma sun bi sahu, kwana biyu suka yi. Na dawo. Littafi ya nuna an kawo wuta awa uku a daren, ya sa su, da aka ɗauke ya cire ya mayar a rediyo. Na juya bayan cajar da aka ba shi, ƙananan rubutu, 150mA. Wato a awa ɗaya abin da take zubawa ke nan. Awa uku 450, kuma ba duka batir yake riƙewa ba, wani yana tafiya a zafi. Kafin ta cika mai 2000 sai ta yi awa 16 zuwa 18 a jone, a unguwar da wuta ba ta wuce awa uku wannan aikin kusan sati ne. Ga shi ba ta da abin da zai nuna ya cika, jan ƙwan fitilarta a kunne yake daga farko har ƙarshe, ba ta kuma yanke wuta da kanta. Nan na gane dalilin da ya sa ake haɗa irin wannan caja da irin waɗancan batura, mai 600 a awa huɗu ko biyar ya cika, mai saye ba zai taɓa lura da cewa ƙaramar jarka aka ba shi ba. Batir na ƙwarai ne ke tona asirin caja mara kyau.

A zaman nan ne Kawu ya kawo wani ƙorafin, ya ce ya lura na yarwa an rubuta 1.5V na caji kuma 1.2V, anya ba tun farko an rage masa ƙarfi ba? Tambaya ce mai kyau. Na yarwa yana farawa a 1.5 ko sama kaɗan amma daga ranar farko yake gangarowa a hankali, rabin rayuwarsa a wajen 1.2 yake yi, har ya sauko kusa da 0.9 inda yawancin kaya ke daina aiki. Na Ni-MH kuwa yana zama a kusan 1.2 daram har ya kusa ƙarewa sannan ya faɗi gaba ɗaya. Shi ya sa da tsohon batir tocila takan yi ta dusashewa tana ba ka sanarwa, da na caji kuwa haske garau sai kawai ɗif. Maganinsa kar a jira ya mutu, kuma a riƙe na canji a aljihu.

Ya kuma ce me ya sa na yarwa ba sa rubuta mAh ɗin kwata-kwata. Dalili shi ne nasu ba lamba ɗaya ba ce. Na yarwa mai kyau, irin wanda ake kira alkalin, in a hankali ake jansa, kamar agogo ko rimot, zai iya ba da 2500 ko fiye, amma in ka sa shi a abu mai ja da ƙarfi kamar tocilar nan sai ya sauko kusan rabi, don sinadaran ciki ba sa iya saki da sauri, bolt ɗin ya faɗi alhali da saura a ciki. Mai arahan nan na tutiya da gawayi ya fi shi shan wahala, ko a jan hankali da ƙyar yake kai 1000. Ana bambanta su da wata ƙaramar lamba a jiki, R6 shi ne mai araha, LR6 alkalin, HR6 na caji, ƙananan na rimot kuma R03 da LR03, manyan na tsohon rediyo R20 da LR20. Wannan ragowar da ke maƙale a ciki ita ce sirrin abin da muka taso muna gani, a shanya batir a rana ko a ɗan cije shi ya farfaɗo. Hutu da ɗumi suna sa ya ɗan ƙara saki na 'yan mintuna, ba sabuwar wuta ce ta shiga ba. Cizon nan kuwa don Allah a bari, musamman yara, abin da ke cikin alkalin yana ƙuna, shi ne farin garin nan da ke cin ƙarfen rimot in batir ya yi yoyo. Batirin da tocila ta ƙi a mayar da shi agogon bango, zai yi watanni.

Asabar muka koma shagon tare. Kawu bai ɗaga murya ba, ya buɗe littafi a kan kanta ya ce Malam ga abin da kayanka suka yi. Mai shagon ya duba ya ce wallahi Baba yadda aka kawo min haka nake sayarwa, ni ma lambar nake gani, kuma masu saye babbar suke tambaya, in na ajiye mai 2000 sai ya kwana. Na yarda da shi, ban ga alamar ya san bambancin ba. Ya ce bari ya ba mu wani sabo da ya shigo, AA ne mai ɗan ramin caja a jikinsa, 1.5V, an rubuta 3000 da manyan lambobi. Na karɓa na duba, mWh ne a gaban lambar ba mAh ba. Wannan wani ma'auni ne daban, mAh sau bolt, don haka 3000 a raba da 1.5 ya dawo 2000 daidai. Ba ƙarya ba ce, hasali ma shi ne ma'aunin da ya fi adalci in za a kwatanta batura masu bolt daban-daban, nawa mai 2000 a 1.2 ya kama 2400mWh, sai dai wanda bai lura da harafin ba zai ɗauka ya samu ƙari da rabi. Irin wannan ne ke faruwa da fawa banki, 10,000 ɗin da ke jiki a bolt 3.7 na batirin ciki aka ƙirga, 37,000mWh ke nan, in an ɗaga shi zuwa bolt 5 da waya ke karɓa aka cire asarar hanya abin da ke fita dubu shida da wani abu ne. A gefen kantar kuma na hango wasu girmansu ɗaya sak da AA amma an rubuta 14500 da 3.7V, na ce Kawu waɗannan ko kyauta aka ba ku kar ku sa a rediyo, biyu za su tura masa sama da bolt bakwai a inda yake jiran uku.

Mai shagon ya karɓi kwali ɗaya da cajar ya mayar da rabin kuɗi, Kawu ya ce ya yafe sauran. A wani wurin muka sayi shida masu 2000, da gangan ban ɗauki masu 2500 ba. Masu ƙaramar lambar nan irin waɗanda ba sa zubar da caji in an ajiye su ne, kamfanin Sanyo na Japan ya fara fito da irinsu a 2005 da sunan Eneloop, kuma su kansu masu yin sa sun ce mai 2000 ɗin yana jure caji har sau 2100 yayin da ɗan'uwansa mai 2500 yake tsayawa a wajen sau 500. Tsohon samfurin Ni-MH kuwa ko ba ka taɓa shi ba yana tsiyayewa a ajiye, zafin bazara irin namu yana ƙara masa sauri, ka cika shi ka ajiye wata biyu ka tarar ya yi ƙasa sosai. Ga mai ajiye na canji a aljihu wannan ya fi ƙarin 500 a takarda amfani. Muka haɗa da caja mai shiga USB wadda ke ba kowane batir 500mA ita kaɗai kuma ta yanke in ya cika, awa biyar ta gama, in babu wuta ya jona ta a ƙaramar solar maƙwabcinsa inda ake cajin waya.

Kawu ya sa wa baturan alama da jan farce na jikarsa, biyu na rediyo ɗigo ɗaya, uku na tocila ɗigo biyu, don kar su cakuɗe, sabo da tsoho ko mai ƙarfi da mai rauni ba sa zama a jeri ɗaya, mai raunin ne ke lalacewa. Nawa huɗu na bar masa su zama na canji. Huɗun da suka rage masu lamba 4800 bai yar ba, ya kankare lambar ya rubuta 600 da biro a kan ɗan salatif, ɗaya yana cikin agogon falo sauran suna jiran layi. Da na je gaishe shi wancan satin ya buɗe min littafin, shafi ya kusa cika, rediyo kwana tara, kwana goma, kwana tara, sau ɗaya kwana bakwai ya rubuta a gefe cewa satin an yi baƙi an ƙure murya. Tocila kuma duk ranar Juma'a yake mata caji ko ta mutu ko ba ta mutu ba.